A Tattauna Da Waɗanda Suka Bar Addini

Ranka ya daɗe Edita,

Mai wannan wasiƙa Musulmi ne da ya damu da yadda ake fuskantar matasan da suka ce sun daina yarda da addini.

Labarin Mubarak Bala, wanda ya bar addini, ya isa misali. A 2014 danginsa suka kai shi sashen masu taɓin hankali a Kano. A 2020 aka kama shi a Kaduna saboda rubuce-rubucensa a Facebook, a 2022 kotu ta yanke masa shekara 24, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024.

Irinsa da yawa yanzu sun koma ɓoye. Suna bin sahu a masallaci don tsoro, da dare kuma su buɗe shafi da sunan bogi suna mayar da zagi da zagi. Barazana ba ta dawo da su ba, sai ƙara taurin kai.

Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya amince da 'yancin sauya addini. Ana roƙon jaridarku ta gayyato malamai masu haƙuri su amsa tambayoyin matasan nan da hujja.

Mai karatunku, daga Kano