Bindiga ba abokiyar tafiya ba ce

Ƴan'uwa makiyaya, akwai wata magana da ke yawo a bakin samarinmu, a bakin rijiya da rumfunan kasuwa, wai duk wanda zai bi shanu kudu bana sai ya sayar da sa ya sayi bindiga. Har wasu dattawa da ya kamata su tsawata sun fara gyaɗa kai. To mu ba mu yarda ba, kuma za mu faɗi dalili ko da za a ji haushinmu.

Ba mu musun cewa hanya ta ɓaci. Wanda ya san dajin Baban Rafi da yankin Gabi da Madarumfa ya san ana tare mutane, a kore garke, a ɗauke yaro a ce sai an kawo kuɗin fansa. Masu son bindiga kuma sukan ce a tuna da Toda, inda aka hallaka Fulani fiye da 100 a watan Oktoba na 1991, yawancinsu mata da yara. Wa ya manta? Amma su ma su leƙa ƙetaren iyaka, su dubi Zamfara.

Can ma da haka aka fara. An sace wa mutum shanu, ya kai ƙara bai ga komi ba, ƴan sa-kai suka hana shi shiga kasuwa, sai ya sayi bindiga wai don kare kansa. To ita bindiga ba ta cin ciyawa, harsashi take ci, harsashi kuwa kuɗi ne. Ran da kuɗin ya ƙare sai ta nemi abincinta a garken maƙwabci, maƙwabcin nan kuma sau da yawa Bafulatani ne ɗan'uwansa. Tun 2019 dubban mutane suka gudo daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fake a yankin Gidan Rumji. A 2021 hukumomin Zamfara suka rufe kasuwannin mako, suka hana ɗaukar dabbobi a mota, aka katse layukan waya. Wa ya fi shan wuya? Mai saniyar da yake so ya sayar ya sayi hatsi. Shin wannan ce kariyar da ake kira mu zuwa gare ta?

A yi lissafi ma. Ƴan fashi bisa babura suke zuwa, su da yawa, kai kuma kai kaɗai da ƙanenka. Da, shanu suke nema. Yanzu da suka ji kana da bindiga, ita ma suna so, kuma ba za su karɓe ta kana da rai ba. In ka tsira daga gare su, ga shingen jandarma ko na soja. Makiyayin da aka kama da makami ba izini, babu mai tsayawa ya ji labarin shanunsa da aka sace. Shi yana kaso, garke yana daji hannun yara.

Abin da ya riƙa kai kakanninmu ya dawo da su lafiya ba ɓoyayye ba ne. Garso ke wucewa gaba ya dubo ruwa da ciyawa da halin mutanen wuri kafin a ɗaga. Ba a tafiya ɗaiɗai. In an isa gari a gai da maigari, a nemi mai masauki, don baƙon da aka san mai masaukinsa ba a taɓa shi da sauƙi. Yau samari sun raina wannan, wai ɓata lokaci ne.

Sai maganar kuɗi, wadda nan ne muka fi sakaci. Mutum ya sayar da bijimi tsakiyar kara, ya tsuguna ya ƙirga kuɗin gaban dillali da ɗan kamasho da ɗan kallo, ya cusa a aljihu, ya tsaya shan shayi har la'asar, sa'an nan ya kama hanyar daji. Ɓarawo ba duba yake yi ba, a kasuwar aka buga masa waya. Alhali ga ofisoshin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza a garuruwa da dama, ga kuma ajiya a cikin waya. Ladan da za su cire bai kai kuɗin akuya ba. A yi ciniki da wuri, a ajiye kuɗin, a bar kasuwa da rana tsaka cikin ayari, kuma kada a faɗa wa kowa hanyar da za a bi.

Hukuma kuwa ba mu wanke ta ba. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. To haƙƙin da ba a tsare hanyarsa ba, ina amfaninsa? Muna so a ga jami'an tsaro a kan burtali da hanyoyin kasuwa ranar da take ci, kuma wanda ya kai ƙarar sata a rubuta ba tare da an ce ya sa mai a mota ba. Mu kuma mu daina ɓoye asara don kunya. Wanda aka tare ya sanar da ardo da rugga da jandarma tun ranar, ya faɗi wurin da lokacin da alamar da ke jikin shanunsa, tun ba a kai su wata kasuwa ba.