SHARHI: Tsagewar babbar jijiyar jini ta ƙirji da abin da sakamakon tiyata ke nuna wa Jihar Kebbi

A cikin raunukan da hatsarin mota ke haddasawa, tsagewar babbar jijiyar jini ta ƙirji ita ce ta biyu wajen kisa bayan raunin kai. Wannan jijiya, wadda likitoci ke kira ayota, ita ce ke ɗaukar jini daga zuciya ta raba wa sauran jiki. Idan mota mai gudu ta tsaya kwatsam, jijiyar kan fizge ta yage, galibi a daidai inda ta lanƙwaso za ta gangara ciki. Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu wannan rauni suna cikawa ne tun kafin a kai su asibiti.

Batun ya shafi duk mai bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu har Sakkwato, inda manyan motocin shinkafa da ƙananan motocin haya da babura ke gogayya a kan titi ɗaya. Ya kuma shafi masu hawan jini, domin jijiyar na iya darewa daga ciki ba tare da wani hatsari ba.

Hanyoyi biyu ake bi wajen gyara. Ta farko ita ce buɗe ƙirji, a matse jijiyar, a yanke wurin da ya lalace, a ɗinka bututu a madadinsa. Aiki ne mai zubar da jini sosai, kuma tsayar da gudun jini na iya hana laka samun abin da take buƙata, har ƙafafu su shanye. Hanya ta biyu ita ce a zura bututun raga mai rufi ta jijiyar matsematsi, a bi da shi ƙarƙashin hoton na'ura har wurin raunin, a buɗe shi ya toshe tsagar daga ciki. Likita Nikolai Volodos ne ya fara yin haka a birnin Karkif na Yukiren a 1987, sannan tawagar Michael Dake ta Jami'ar Stanford a Amurka ta wallafa sakamakon jerin majinyatanta a 1994.

Wani nazari da ƙungiyar likitocin tiyatar raunuka ta Amurka ta wallafa a 2008 ya bi majinyata 193. Cikin 68 da aka buɗe wa ƙirji, kashi 23.5 cikin 100 sun rasu. Cikin 125 da aka zura wa bututu, kashi 7.2 ne suka rasu. Sai dai kusan ɗaya cikin biyar na masu bututun sun gamu da matsalar da ta shafi na'urar kanta, kamar yoyon jini ta gefenta. A 2011 ƙungiyar likitocin jijiyoyin jini ta Amurka ta ba da shawarar a fifita bututun idan yanayin jijiyar ya dace.

Duk da haka, bututu bai kori wuƙa ba. Idan darewar ta faru a sashen jijiyar da ke fitowa daga zuciya kai-tsaye, buɗe ƙirji ne mafita, da taimakon na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu. Haka kuma wanda aka sa wa bututu yana buƙatar ɗaukar hoto lokaci-lokaci har ƙarshen rayuwarsa. Ga matashin direba ko manomin fadama, wannan na nufin shekaru masu yawa na zirga-zirga da kashe kuɗi.

Abin lura ga Kebbi shi ne, alƙaluman nan na mutanen da suka isa asibiti da rai ne, aka gano raunin da na'urar siti sikan, aka kuma samu jini da ƙwararru a kusa. A Najeriya, inda aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Enugu a 1974, cibiyoyin da ke irin wannan aiki har yau ƙalilan ne, kuma bututun daga waje ake shigo da shi. Majinyacin da aka ɗauko daga Argungu zai bi ta babban asibitin garin, daga nan ko dai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato kuwa akwai tafiyar kimanin kilomita 150.

A nan ne wani sakamakon binciken ya fi amfani ga yankin. An gano cewa wanda jijiyarsa ta tsage amma bangonta na waje bai fashe ba, zai iya jira sa'o'i har ma kwanaki, muddin an rage masa bugun zuciya da ƙarfin jini da magunguna irin su labetalol. Wannan magani bai kai kuɗin bututu ko kusa ba, kuma ƙaramin asibiti na iya ba da shi. Sharaɗin shi ne likita ya yi zargin raunin da wuri, misali idan hoton ƙirji ya nuna tsakiyarsa ta faɗaɗa, ko bugun jini a hannu ya fi na ƙafa ƙarfi.

Doka ma ta buɗe ƙofa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin irin wannan agaji.

Saboda haka matakin da ya fi kusa ga gwamnatin Kebbi ba sayen ɗakin tiyata mai tsada ba ne. Ya haɗa da motocin ɗaukar marasa lafiya a bakin babbar hanya, na'urar hoto mai aiki dare da rana, ma'ajiyar jini, da horar da likitocin Argungu da sauran manyan asibitoci kan gane alamomin. Bayan haka sai yarjejeniya da Sakkwato da Zamfara a kan cibiya guda ta tiyatar zuciya da jijiyoyi, domin ƙwarewa a wannan aiki ba ta samuwa sai da yawan yi, kuma majinyatan jiha ɗaya ba za su wadatar da tawagar likitoci ba.