SHARHI: A Bai Wa Manoma Ta Cewa Kan Ruwan Noman Rani

Tun bayan farin da ya auka wa arewacin ƙasar nan a shekarun 1972 da 1973, gwamnatoci suka duƙufa wajen gina manyan madatsun ruwa domin kada noma ya dogara ga damina kaɗai. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Bakolori a 1978, sannan ta Challawa a 1992, kuma a 1976 aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa don su kula da irin waɗannan ayyuka. An kashe maƙudan kuɗi, amma ba a cika neman shawarar manoman da aka yi aikin dominsu ba.

Abin da ya faru a fadamun Haɗeja da Nguru ya isa misali. A da, kogi kan yi ambaliya da damina ya malale fadama, ya janye da rani, manomi ya shuka shinkafa da alkama, masunci ya kama kifi, makiyayi ya sami ciyawa. Da aka koma sakin ruwa daga Tiga da Challawa rani da damina, sai kachala ta sami wurin zama, ta haɗu da yashi ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwan ya karkata ta Marma zuwa Nguru yana cinye gonaki, yayin da mutanen da ke kan Burum Gana suka rasa na ban-ruwa. Ga kuma tsuntsayen jan-baki da suka mai da kachalar maɓoyarsu, suna yi wa amfanin gona ɓarna.

Mazauna yankin ba su zauna jiran injiniya ba. Ƙauyuka sun riƙa fitowa aikin gayya da adduna da lauje suna sare kachala suna yashe magudanai, kuma a 2006 jihohin da suka haɗa wannan kogi suka kafa asusun haɗin gwiwa mai hedkwata a Damaturu. Haka nan shirin Fadama da aka soma a 1993 da tallafin Bankin Duniya ya nuna cewa ƙungiyar manoma mai ƙaramar rijiya da injin ban-ruwa takan kula da kayanta, domin ta san idan injin ya lalace tumatirinta ne zai bushe. Shirin gyaran manyan ayyukan noman rani da bankin ya amince da shi a 2014, wanda ya shafi Bakolori da Kadawa da kwarin Haɗeja, shi ma ya dogara ne ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa.

Akwai masu fargabar cewa gwamnati za ta fake da wannan tsari ta zame daga nauyin da ke kanta, ko kuma masu hannu da shuni su mamaye ƙungiyoyin. Fargabar tana kan hanya, domin talaka ba zai iya gyara ƙofar madatsa ko babbar magudana ba, kuma wannan aiki na hukuma ne har gobe.

Saboda haka ya zama wajibi doka ta bai wa ƙungiyoyin ikon karɓar kuɗin ruwa da kashe wani kaso a ƙananan magudanansu, tare da karanta lissafi a bainar jama'a kowace kaka. Ya kamata a sanar da jadawalin sakin ruwa tun kafin a shuka, kuma a bai wa masunta da makiyaya da mata da mutanen ƙasan kogi, har zuwa Gashuwa da Geidam, kujera a wurin da ake yanke shawara. Sarakunan noma da na ruwa su ma suna da rawar takawa wajen sasanta rigimar rabo.

Farin 1983 da 1984 ya nuna cewa irin wannan masifa takan dawo. A shekarar da ruwan madatsa ya yi ƙasa, rabon da aka amince da shi tun da wuri ne zai hana na bakin magudana shanye rabon na ƙarshenta.