Ɗigon fitsari wajen tari da atishawa: lalura ce mai magani

Yau filinmu na lafiyar iyali zai taɓo wata lalura da ta yawaita a gidajenmu, amma kunya ta hana a ambace ta. Akwai iyaye mata da yawa waɗanda fitsari ke kuɓuce musu kaɗan idan sun yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko sun ɗaga bokitin ruwa. Wata takan rage shan ruwa duk da zafin Tamale, wata ta ƙaurace wa biki da wurin karatu, wata kuma ta rasa natsuwa a salla saboda shakkar tsarkinta.

Da farko mu bambanta. Wannan ba shi ne yoyon fitsarin da doguwar naƙuda ke haddasawa ba, inda mafitsara ke hujewa fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Wancan tiyata ce maganinsa, kuma a nan Tamale akwai cibiyar da ke yin wannan gyara. Abin da muke magana a kai raunin maƙulli ne. A bakin mafitsara akwai tsokar da ke matse hanyar fitsari, a ƙarƙashinta kuma akwai tsokokin ƙasan ƙugu masu tallafe ta. Yawan haihuwa, ƙiba, maƙarƙashiya, tarin da ya daɗe, ɗaukar kaya masu nauyi da kuma daina al'ada duk suna raunana su. Idan tari ya danno mara, sai maƙullin ya kasa riƙewa.

To ina sinadarin sirotonin ya shigo? Mafi yawansa a hanji yake, amma ƙwaƙwalwa da laka suna amfani da shi wajen isar da saƙo tsakanin jijiyoyi. A ƙarshen laka akwai wani ɗan gungun jijiyoyi da likita Onuf ya bayyana a 1899, wanda daga nan ne umarni ke zuwa ga tsokar maƙulli. Sirotonin da ɗan'uwansa noradirenalin suna ƙarfafa wannan umarni yayin da mafitsara ke cika. Idan lokacin yin fitsari ya yi, umarnin kan yanke, tsokar ta saki.

A kan wannan ilimi aka yi amfani da maganin duloxetine, wanda ke sa sinadaran biyu su daɗe a mahaɗar jijiyoyi. Ƙasashen Turai sun amince da shi don wannan lalura a 2004, amma a Amurka kamfanin da ya yi shi ya janye buƙatarsa a 2005. Yana rage yawan ɗigon ga wasu mata, sai dai yakan kawo tashin zuciya, bushewar baki, jiri da kasala, har da yawa su bar shi. Kuma tun da maganin ciwon damuwa ne, ba a fara shi ko a daina shi farat ɗaya sai da likita. Don haka muna jan kunne: kada a saye shi a kemis don an ji labari.

Matakin farko kyauta ne, wato motsa tsokokin ƙasan ƙugu da likita Kegel ya bayyana a 1948. Mace ta matse kamar mai riƙe fitsari da tusa, ta ɗan dakata, ta saki, aƙalla sau 8, sau 3 a yini, har wata 3. A haɗa da rage ƙiba, da maganin tari da maƙarƙashiya, da sassauta shayi mai ƙarfi da goro. Kada a daina shan ruwa. Ungozoma a wurin awo za ta iya koyar da motsin, in abin ya ƙi kuma a nemi likitan mata a Asibitin Koyarwa na Tamale, domin akwai tiyata.

Game da ibada kuwa, malaman fiƙihu sun san wannan hali da sunan salasul bauli, sun kuma yi bayanin sauƙin da ke cikinsa gwargwadon yawan zuwansa, sai a tambayi malami. Magidanta kuma, idan uwargida ta yi ƙarfin halin faɗa, a saurare ta, a ba ta kuɗin mota, a raka ta asibiti. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.