Direban Gobir, Gyara Tsohuwarka Ka Bar Dillali Da 'Yar Kwatanonsa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tashoshin Sabon Birni da Isa: wai duk direban da motarsa ta fara shan baƙin mai, to ya sayar da ita, ya cika kuɗi ya ɗauko 'yar Kwatano. Dillalai suka fara ta, 'yan kamasho suka karɓa, yanzu har wasu 'yan uwanmu masu rubutu a Facebook sun shiga yi wa direbobi gori, wai sun fi son lallaɓa akwala da su ci gaba. Ni kuwa na ce wannan shawara ce ta wanda ba shi zai biya bashin ba, kuma ba shi zai kwana a dajin Gundumi ba.

Mu fara da kuɗi, tunda nan ne ake rufe wa mutane ido. 'Yar Kwatanon da iyayen gidanmu suka sani, wadda ake saukewa a tashar jirgin ruwa, a koro ta ta Gaya zuwa Ƙonni ko Maraɗi, ta shigo da araha, wannan zamanin ya wuce. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan tudu. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin, sai Disamban 2020 aka buɗe ta Illela. Da sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙamewa har zuwa Maris ɗin 2024, ita kuma Nijar ta bar gadar Gaya a rufe tsakaninta da Binin, wato ainihin hanyar da motocin ke biyowa. Ga kuma naira: dalar da gwamnati ke lissafawa a wajen 460 kafin Yunin 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ke cin kasuwa da mutanen Madawa da Gidan Rumji ya san yadda jikkar sefa ta koma a hannunsa.

To, mota da kuɗin waje ake sayo ta. In dillali ya ce maka ga 'yar Kwatano a farashi mai sauƙi, tambaye shi ta ina ta biyo, kuma da wane kuɗi. Da yawa daga cikin abin da ake jerawa yau da wannan suna, motoci ne da suka gama bauta a Kano ko Kaduna ko Legas, aka yi musu fenti, aka wanke injin da kananzir ya yi ƙyalli, aka mai da mitar baya. Golf 3 ɗin da muke lodi da ita, kamfanin ya fara ƙera ta tun 1991, Sharon kuma 1995. Ashe wadda kake kira sabuwa sa'ar taka ce, tsara guda suke. Bambancin kawai, taka ka san ciwonta, waccan kuwa cinikin biri a sama za ka yi.

Sannan takardu. Taka ta shekara da shekaru tana wuce shingen kwastan ba wanda ya ɗaga mata hannu. Wadda aka tsallako da ita cikin dare, aka haɗa mata takardun biyan haraji na bogi, ranar da aka duba lambar jikinta aka ga ba ta cikin lissafi, kai za a sauke, ba dillali ba. Shi ya karɓi la'adarsa tun ranar ciniki, ya kashe waya.

Na san hujjar da masu gorin ke tinƙaho da ita, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Cewa suke, a wannan yanki mota ba ta da izinin mutuwa a hanya. Gaskiya ne, wallahi. Wanda ya bi hanyar Marnona zuwa Isa, ko ta Goronyo zuwa Sabon Birni, ko ya miƙa Shinkafi, ya san akwai wuraren da ko fitsari ba a tsayawa yi. Ba mu manta da Gidan Bawa ba, Disamban 2021, inda 'yan bindiga suka tare mota suka ƙona matafiya fiye da 20 a cikinta, Allah Ya jiƙansu. Ba mu manta da watannin da aka yanke layukan waya daga Satumban 2021 ba, lokacin da in mota ta tsaya maka ko bakanike ba ka iya kira. Amma ku dubi hujjar da kyau, a gefena take. In abin tsoro shi ne mota ta mace inda ba a so, wace ce ta fi kusa da yin hakan: wadda ka san tana zafi in ta yi awa biyu, ka san kukan giyarta, bakanikenka ya san kowane noti na jikinta, ko baƙuwar da ba ka san abin da aka toshe da sabulu a lagiretonta ba? Baƙuwar mota sai ta yi wata uku tana faɗa maka halinta, kuma ba a gareji take faɗa ba, a tsakiyar hanya take faɗa, da mata da yara a baya.

Sai dai kada wani direba ya karanta wannan ya ce na ɗaure masa gindi ya ci gaba da abin da yake yi. Gyara nake cewa, ba lallaɓawa ba. Ɗaure bututun ruwa da robar tayar keke ba gyara ba ne. Zuba baƙin mai mai kauri don injin ya daina hayaƙi kwana biyu ba gyara ba ne. Taya ta suɗe har waya ta fito, kana lodin mutum takwas da buhunan gero a but, sannan ka ce Allah Ya kiyaye, wannan ganganci ne da ran bayin Allah. In injin ya gaji, a sauke shi gaba ɗaya, a je Sakkwato ko Kano a sayo wani na gwanjo, a tayar da shi a gabanka kafin ka biya. A canza lagireto da famfon mai da bel, a ɗaure ƙasan mota, a sa tayoyi huɗu masu rai da safaya ta gaske, a duba birki da fitila. Ka ajiye motar mako biyu, ka yi haƙurin rashin lodi. Duk wannan in ka tara, bai kama ƙafar cikon da za ka yi wa dillali ba, kuma ba sai ka sayar da shanun huɗa ko ka jinginar da gona ba. Mutumin da fetur ya tashi masa daga ƙasa da naira 200 ya wuce 1,000 cikin shekara biyu, fasinja kuma suka ragu saboda kasuwannin ƙauye sun mutu, da me zai biya bashin miliyoyi? Da lodi ɗaya a rana?

Wuri ɗaya ne nake yarda a rabu da tsohuwa: in ƙashin bayanta ya tafi. Shasin da ya ruɓe ko ya karye aka yi masa walda sau biyu sau uku, motar na tafiya a karkace kamar kaguwa, tana cinye taya ta gefe guda, wannan ko injin jirgi ka sa mata ba ta tashi. A sayar wa masu kayan gyara. Kuma ko a nan, gara ka sayi ta abokin sana'arka da ka san tarihinta a tasha ɗaya, ka je da bakanikenka ya shiga ƙarƙashinta, ka kai takardun ofishin kwastan na Sakkwato a tantance kafin kuɗi su bar hannunka.

Su kuma masu yi wa direbobi gori daga cikin inuwa, in da gaske rayukan matafiya ne suka dame su, ga ramukan da ke karya shokozoba tsakanin Isa da Sabon Birni, ga dajin da aka bar wa Bello Turji da yaransa. Su rubuta a kan waɗannan, su kira sunan masu alhakin, mu gani in alƙalamin nasu zai yi kaifin da yake yi a kan mai tsohuwar Golf.