Kafin ka zargi manhaja, duba bangon da ka tsaya a gabansa

Duk wanda ya ratsa Samaru a lokacin da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ke murnar gama karatu, ko ya shiga Sabon Gari ana gab da Sallah, zai ga fastoci da kalandun biki birjik. Ga saurayi tsaye gaban dogon benen Dubai, alhali a tsakar gidan haya aka ɗauki hoton. Wannan ba laifi ba ne. Amma matsa kusa ka kalli gefen kansa: an datse sumar kamar da reza, ko kuma wani farin zare ya kewaye ta. Gashi ne ke tona asirin hoton da aka sauya wa bango.

Yawancinmu da mun ga haka sai mu ce manhajar ba ta da kyau, mu goge ta mu sauko da wata, data ta tafi a banza. A ganina mun ɗora wa manhaja aikin da na mai ɗaukar hoto ne.

Ga dalili. Hoton waya tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fikisal, kowane da launinsa guda. A kafaɗa ko hannun riga iyakar a fili take: nan mutum, can bango. Silin gashi kuwa sau da yawa ya fi fikisal ɗin siranta, don haka ɗigo ɗaya yakan zama gauraye, misali kashi 40 gashi, kashi 60 bango. Shi ya sa manhaja mai kyau ba ta yankewa kai tsaye. Tana ba kowane ɗigo lamba daga 0 zuwa 255: 0 a ɓoye shi gaba ɗaya, 255 a bar shi yadda yake, na tsakani kuma ya zama shara-shara. To, daga launi guda ɗaya tak ake so ta gano abu uku: launin gashin, launin bangon da ke bayansa, da kason kowanne. Mu masu rubuta manhaja mun san lissafi irin wannan ba shi da amsa ɗaya. Hasashe take yi. Dalilin da ya sa masu shirya fim ke shimfiɗa koren ƙyalle ke nan: idan an san launin bango tun farko, an rage wa kwamfuta rabin wahala.

Ba a musun cewa kayan aikin sun ci gaba. Shafin remove.bg ya fito a 2018 daga birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Canva kuma ta sayi kamfanin da ya yi shi a 2021. A 2020 Adobe ta ƙara wa Photoshop maɓalli na musamman don gyaran gashi kaɗai. Sai dai ka lura: abin da aka ware wa maɓalli nasa, ai ba ƙaramin abu ba ne.

Mu kuma a nan namu ya fi wuya. Baƙar suma a ɗaki mai duhu bayan an ɗauke wuta, ina iyakar da manhaja za ta gani? Ga gemu da saje, ga jelar kitso, ga mayafi shara-shara da ake hango bango ta cikinsa, ga leshi mai ƙananan huji. Ƙirƙirarriyar basira daga hotunan da aka nuna mata take koyo. Binciken da Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka fitar a 2018 ya nuna wasu manhajojin tantance fuska na kuskure har kashi 34.7 cikin 100 a kan mata masu duhun fata, amma bai kai kashi 1 ba a kan maza masu hasken fata. Ba a kan cire bango aka yi binciken ba, amma darasin ya shafe mu: abin da na'ura ba ta saba gani ba, a nan take tuntuɓe.

Wani zai ce ai ba kowa ke da kuɗin zuwa situdiyo ba. Gaskiya ne, kuma ba sai ka je ba. Nemi bango mai launi ɗaya wanda ya saɓa da launin gashinka da kayanka. Farin zanin gado ma ya wadatar. Matsa taku biyu daga jikinsa don inuwarka kada ta manne da kai. Fita waje da hantsi, a inuwa mai haske. Goge gilashin kyamara, musamman da ƙurar hunturu. Kashe tsarin nan da ke dusashe bayan mutum, domin shi ma hasashe yake yi, yana cinye gashin tun kafin ka fara. Idan za ka tura wa mai gyara ta WhatsApp, tura a matsayin fayil, don turawar yau da kullum tana matse hoto ta kashe ƙananan silin. Bayan an cire bango, adana a PNG, saboda JPG ba ya riƙe shara-shara. Sabon bangon kuma ya yi kusa da tsohon a haske. Wanda aka ɗauka gaban farin bango aka ɗora a baƙi, dole farin zaren nan ya fito.

Akwai inda ma bai kamata a taɓa bango ba sam: hoton takardun hukuma. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka, alal misali, ta ce ba ta karɓar hoton fasfo ko biza da aka sauya da manhaja. Wanda ya cire bango da waya don ya tsira da ɗan kuɗin mai hoto, yana iya jawo wa kansa jinkiri da asarar da ta ninka wannan. Araha ba ta ado.

Mu masu harkar manhaja a Zariya kuma akwai jan aiki a gabanmu: tara hotunan mutanenmu da yardarsu, da kitsonsu da hulunansu da mayafansu, don a koya wa na'ura ganinmu yadda muke. Kafin wannan ya samu, minti biyu na neman bango mai kyau ya fi awa guda ana goge gefen kai da yatsa.