Wasiƙar Gobir: Sabuwa Ko Ta Hannu?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in amsa wata tambaya da ta yi ta zo mini tun bayan girbi daga malaman makaranta da akawuna na Isa da Sabon Birni. Tambayar kuwa ita ce, mutumin da ya daɗe yana tari, yana so ya sayi motar da za ta ɗauke shi da iyalinsa, watau irin matsakaiciyar nan mai ƙofa huɗu da wurin kaya a baya, shin sabuwa ya kamata ya nema ko ta hannu?

To, jama'a, zancen sabuwa ba zai ci mana lokaci ba. A can Amurka kanta kuɗin sabuwar Toyota Camry ya haura dala 25,000. Cikin 2024 dala ɗaya ta wuce naira 1,500, watau ke nan kuɗin motar ya tasam ma naira miliyan 38 tun ba a sa ta a jirgi ba, balle a biya mata fito. A shekarar nan kuma aka yanka mafi ƙanƙancin albashi naira 70,000 a wata. Wanda ya ke kan wannan mataki, ko da ba ya ci ba ya sha, sai ya yi shekara 44 da ɗoriya yana tarawa kafin ya kai. Masu iya lissafi su buga su gani ko na yi ƙari.

Dā ba haka abin ya ke ba. Dattawa sun tuna sa'ad da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975, har ya zama hedimasta ko babban akawu ya kan ci bashin mota daga gwamnati ya fito da 504 sabuwa dal, ana cirewa daga albashinsa kaɗan-kaɗan. Wannan zamani ya shuɗe. Saboda haka tambayar da ta rage gare mu ita ce, a cikin na hannu wacce za a saya, kuma yaya za a saya?

Na hannun nan iri biyu ne. Akwai wadda aka hau a ƙasashen waje aka kawo, wadda mutanenmu ke kira Beljiyam ko 'yar Kwatano, akwai kuma wadda aka yi ta hawa a nan gida. Mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa sanin hanyar ta farkon. Dā, shekara da shekaru, jirgin ruwa kan sauke motoci a Kwatano ta ƙasar Benin, a koro su ta Gaya da Doso zuwa Birnin Ƙonni ko Maraɗi, daga nan su tsallako Nijeriya, waɗansu ta ƙofa, waɗansu ta daji da dare. Daga ranar 1 ga Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, cikin Agusta 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya har zuwa Disamba 2020, sa'an nan bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufe tamu sai Maris 2024. Duk wannan bai hana motoci ratsowa ba, amma ya sa da yawa a cikin waɗanda suka ratso ba su da takardar kwastan ta gaskiya.

A nan ne Bagobiri ya kan faɗa rami. Tsibiri da Maraɗi gida ne a gare mu, kusan ko wane ɗayanmu yana da ɗan'uwa a tsallaken iyaka, sai ka ji an ce wane zai samo maka mota da araha, takarda kuwa a yi ta daga baya. Motar za ta yi ta yawo lafiya lau tsakanin Isa da Sabon Birni. Ranar da aka tashi kai mara lafiya asibiti Sakkwato, ko ɗalibi makaranta Zariya, ranar ce ma'aikatan kwastan za su tsai da ita a hanya, a sauke mata da yara a rana, arahar ta koma tsada. Kada kowa ya ba da ko kwabo sai ya riƙe takardar fito a hannunsa, ya gwada lambar da ke cikinta da lambar jikin motar. Wannan lamba baƙi 17 ce, haruffa da alƙaluma a gauraye, ana ganinta a gindin gilashin gaba wajen direba, da kuma jikin dogaran ƙofa. In ɗaya ta saɓa wa ɗaya, ko aka ga alamar an kankare, a yi sallama da mai ita. A motocin da aka yi domin kasuwar Amurka, baƙi na goma shi ke faɗin shekarar motar, don haka dillali ba shi da ikon rage mata shekaru gaban wanda ya san wannan. Tun 2022 kuma da wannan lamba kwastan ke ƙiyasta fito, wanda ya yi shakka ya tafi ofishinsu a Sakkwato ya nemi a duba masa kafin a ƙulla ciniki.

Amma abin da na fi so masu karatu su tsaya a kai shi ne hanya. Mutumin Kano ko Kaduna yana iya zaɓen mota don kyanta, in ta lalace ya tura ta gefen titi ya hau Keke Napep ya tafi gida. Mu ba mu da wannan gata. Ko ta Goronyo mutum ya bi daga Sabon Birni, ko ta dajin Gundumi daga Isa, ko ya yi kudu ta Shinkafi zuwa Ƙauran Namoda, akwai wuraren da ba a son tsayawa ko na rabin sa'a. Kowa ya san abin da ya auku cikin Disamba 2021 kusa da Gidan Bawa, inda 'yan bindiga suka ƙone motar fasinja da mutane fiye da 20 a ciki. Kowa ya san kuma a hanya aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, cikin 2024 yana komowa daga Sakkwato, bai kuwa komo gida da rai ba, Allah ya jiƙansa da su duka. Har wa yau ba mu manta da Satumba 2021 ba, sa'ad da aka katse layukan waya a ƙasarmu, wanda motarsa ta mutu a daji ba shi da yadda zai kira kowa. Mota ba ta hana abin da Allah ya ƙaddara. Amma wanda ya san halin hanyarsa, ya kuma ɗauki iyalinsa ya zuba a motar da ya san tana zafi ko tana ɗauke wuta, ya yi sakaci da amanar da aka ba shi.

Ga kuma ƙasar kanta. Da rani rairayi, da damina gulabe su cika, Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi su yi ta kwarara zuwa Rima, ruwa ya cinye kwalbati, hanya ta koma ratse cikin gonaki. Irin waɗannan motoci na iyali kuwa an ƙera su ne domin kwalta, tsakanin cikinsu da ƙasa bai cika taƙi guda ba. A ɗora mutum biyar da buhun gero a baya, sai ta ƙara durƙusawa. Abin da ya sa 504 ta yi suna a ƙasar nan ke nan, ƙafafunta na da tsawon numfashi, tana haɗiye rami ba ta koka ba. Wanda gidansa ke can ƙauye inda kwalta ba ta kai ba, ya yi tunani sau biyu ko irin wannan mota ce ma ta dace da shi.

In an tambaye ni wace iri, sai in ce a tafi a tambayi makanikin garin, kuma kafin a saya za a tambaye shi, ba bayan an saya ba. A zaga garejin Isa ko na Sabon Birni a ga motar da suka fi kwancewa suna ɗaurawa, a shiga rumfar masu kayan gyara a ga na wacce ke rataye. Peugeot 406, da Camry, da Honda Accord na shekarun baya, ba su rasa wanda ya san cikinsu a ƙasar Sakkwato. Ko wacce kuwa da irin halinta. Injin 406 da bel ya ke tafiya, in ya tsinke a guje ya kan yi wa injin ɓarna, don haka wanda ya saya ya sake shi nan da nan ko da an rantse masa sabo ne. Camry mai silinda 4 ta 2007 zuwa 2009 an san waɗansunsu da shan baƙin mai. Accord mai silinda 6 ta wajen 2003 an sha kuka da giyarta mai canja kanta. Silinda 6 ma, ban ga amfaninta ga mai albashi ba, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 cikin 2024. Su kuwa na yayi masu haɗa fetur da lantarki, ko da ya ke suna da tsimin mai ƙwarai, ciwonsu sai an karanta da na'ura, asibitinsu kuwa yana da nisa da mu.

Iyayenmu ba su sayen doki sai sun buɗe bakinsa sun duba haƙora, sun ɗaga kofato, sun sukwane shi sun saurari numfashinsa. Haka za a yi wa mota. A je da makanikin da mai saye ya ɗauko da kansa, ba wanda dillali ya nuna ba. A je da sassafe, a taɓa injin a ji yana da sanyi, sa'an nan a tayar, gama injin da aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye tarinsa. A dubi hayaƙin salansa, shuɗi alamar yana ƙona baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga abu kamar kindirmo a jikinsa, a bar ta. A shiga ƙarƙashi a dubi tsatsa da walda. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina, domin da yawa daga motocin Amurka a gwanjo a ke sayo su bayan haɗari ko ambaliya, a gyara fuska a fesa fenti, wayoyin ciki kuwa suna ruɓewa sannu a hankali. Agogon da ke nuna nisan tafiya kada a ba shi gaskiya da yawa, ana mai da shi baya. Gogewar sitiyari da ta abin taka birki sun fi shi gaskiya. Wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu kuma, ban shawarci kowa da ita ba. Bayan duk wannan a hau a bi burji da ita, ba kwalta kaɗai ba, a kashe rediyo a saurara.

Ba lalle ne Beljiyam ta fi 'yar gida ba, ko da ya ke haka kowa ke zato. Motar da wani likita ko alƙali ya riƙe shekara biyar, ka san shi, ka san makanikinsa, ka san dalilin da ya sa zai sayar, ta fi wadda ba ka san ko a wane kogi ta kwana ba. Wadda aka yi haya da ita ce abar gudu.

Malamai sun fi ni sanin cewa littattafan fiƙihu da mu ke karantawa a zaure, kamar Risala da Muhtasar, sun haramta ɓoye aibin haja, sun kuma ba mai saye ikon mayarwa in ya tarar da aibin da aka rufe masa. Amma hakki a littafi daban, karɓo kuɗi daga hannun wanda ya riga ya kashe su daban. A rubuta takardar ciniki, da lambar mota, da kuɗin, da aibin da mai sayarwa ya ambata, da kwanakin gwaji in an yarda da su, shaidu biyu su sa hannu. La'adar dillali a yanke ta a fili tun da fari. Kada kuma a yi cinikin biri a sama, watau a aika da kuɗi Legas ko Kwatano saboda hoton da aka gani a waya. Wanda kuɗinsa bai kai ba, yana kuwa gudun riba, akwai bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki cikin 2012, su saya su sayar maka da ƙarin da aka sani tun farko. Duk da haka bashi bashi ne, a auna shi da albashi kafin a sa hannu.

Kuɗin saye kamar sadaki ne, ci da sha da tufafi suna gaba. A ganina wanda ke da miliyan biyar ya nemi motar miliyan huɗu, ya ɓoye ɗaya. Taya huɗu, da batir, da baƙin mai, da birki, da canjin suna, da lamba, duk suna jiransa a watan farko, ga inshora wadda mafi ƙanƙancinta ya koma naira 15,000 a shekara tun Janairu 2023. Na sha ganin motar da aka yi wa walima ranar da ta iso, bayan wata shida tana kan duwatsu a ƙofar gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Saura magana ɗaya, ita ce ta ƙawa. A zamanin da mu ke ciki, mota mai ɗaukar ido tana sa a yi wa mai ita lissafin dukiyar da ba shi da ita, masu kai rahoto daji kuwa ba daga nesa su ke zuwa ba. Malamin da ya shekara goma yana adashi, in ya shigo gari da baƙar mota mai walƙiya da baƙin gilashi, ba wanda zai tambayi yadda ya tara. Ya nemi mai launin da ya yi yawa a tasha, ya bar mata ƙurarta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan amsa wa waɗanda suka tambaya game da koyon tuƙi da neman lasin. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kiyaye matafiya. Wassalam.

Naku,
Bagobiri, Sabon Birni.